Kwana Arba'in da Uku a Jakata

Ni ba mai haƙuri ba ce, kuma ban taɓa yi wa kowa ƙaryar cewa ina da shi ba. Sunana Halimatussa'adiyya, amma daga Kazaure har Roni da Gwiwa da Babura ba wanda ke da lokacin jan wannan dogon suna, Sa'a mai allura suke ce mini. Shekara goma sha tara ina ɗibar jinin mutane a asibiti. Ina samun jijiya a hannun jariri, ina samunta a hannun tsohuwar da ta bushe, kuma ba na soka allura sau biyu. Da wannan nake taƙama, ba ni da wani abin.

Shekara biyu da suka wuce wasu masu bincike suka zo daga Kano, shugabarsu wata Dakta Jennifer, siririya mai magana a hankali har ka ƙosa. Suna neman masu ciwon hanta, irin wanda ke zaune a jikin mutum shekara da shekaru ba ya ko tari, sai wata rana ya juye ya zama ciwon daji. Ta yi mana bayani da turanci mai yawa, ni kuma na mayar wa mutane da Hausa. Akwai wasu dogayen zaruruwa a cikin jini, RNA ake ce musu, irin waɗanda a da aka ɗauka ba su da wani aiki a jiki. To ashe idan daji ya fara tsiro a hanta, yakan zubo su da yawa cikin jini tun mutum yana cin tuwonsa lafiya. Idan aka auna aka ga sun yi yawa, sai a kira mutum Kano a yi masa hoton ciki kyauta. Dakta ta nanata cewa gwaji ne ake yi, ba a gama tabbatar da shi ba. Ta kuma nanata abu ɗaya har sau uku: zaren nan ba ya son zafi. Idan jini ya ɗumama a hanya, ya lalace, sai zubarwa.

Aikina in ɗibi jinin, in rubuta lamba a kwalba, in rubuta suna a rajistata. Kwalba ba ta ɗauke da suna, ni kaɗai na san wane ne wane. Sai in jera su a kula in cika da ƙanƙara in ba direba. Direban shi ne Sama'ilu, mutumin Roni, dogo mai fara'a, wanda ba ya wuce tsoho a hanya bai tsaya ya ɗauke shi ba. Kowa na son sa. Ni ma a lokacin ba ni da wata matsala da shi, sai yawan surutunsa.

Ƙanƙarar da suka ba mu ta roba ce, shuɗiya, guda shida, kafin wata uku huɗu sun fashe. Na rubuta a aiko wasu, shiru. Sai na yi dabara irin tamu, na riƙa sayen ruwan leda ina daskarar da shi a firizar allurar rigakafi, in jera a kula. Yana riƙe sanyi sosai. Na gaya wa Sama'ilu kada ya kuskura ya buɗe kular nan har ya miƙa ta. Ban gaya masa dalili ba, don a ganina direba ba ya buƙatar dalili.

Sai azumi ya kama, a tsakiyar zafin bazara. Malamai sun yi ta faɗi a rediyo cewa ɗan jinin gwaji ba ya karya azumi. Mutanenmu suka ji, suka ce to, suka sauke hannun riga suka yi zamansu a gida. Kano kuwa ana ta kira, a kawo jini, lissafi bai cika ba. Saura mini mutum iri biyu: Kiristocin gari, da matan da ba sa salla a 'yan kwanakin.

Wata Laraba da safe a Roni wata mata ta shigo ta bayan ɗakin da nake ɗibar jini, ta rufe fuska da hijabi kamar wadda ta zo sata. Da ta buɗe sai na ga Khairiyya ce, matar Sama'ilu. Na san ta, na je sunan ɗanta na biyu.

"Anti Sa'a, don Allah ki ɗiba da sauri," in ji ta. "Yau ba na azumi. Babanmu kumburin ciki ne ya kashe shi, ni ma an ce ina da ciwon hantar. Amma kada Baban Walid ya ji. Ya ce shi dai yana kai jinin mutane don aiki ne, amma ba a taɓa na iyalinsa."

Na ce mata bakina ƙanin ƙafata. Na ba ta lamba ɗari da sha biyu.

Da rana na dawo Kazaure na shiga gidan maƙwabciyata. Priscilla tela ce, matar Julius makanike, sun zo daga Filato shekara ashirin da biyu da suka wuce, katanga ɗaya ta raba mu. Maman Peculiar nake ce mata, da sunan 'yarta. Ita ta yi mini wankan jego na fari da uwata ba ta da lafiya. Ita ta ɗinka duk kayan sallar 'ya'yana, kuma duk shekara sai mun yi faɗa a kan ta makara. Ta san tana da ciwon hanta tun cikinta na ƙarshe. Macen da ke wuni da allura a hannu, amma in ta ga tawa sai ta fara kiran Yesu.

"Maman Peculiar, miƙo hannu, lissafina bai cika ba."

"Ke Sa'a, ki bar ni. Lafiyata ƙalau, dubi jikina."

"Na gani. Buhun masara ma lafiyarsa ƙalau. Miƙo."

Ta miƙo tana zagina, ta kau da kai. Lamba ɗari da sha tara. Na sa kwalbarta kusa da ta Khairiyya, na jera ruwan leda goma sha biyu da ya daskare kamar dutse, na rufe, na ba Sama'ilu da misalin ƙarfe huɗu.

Bayan salla saƙo ya zo daga Kano: duk jinin da aka aika cikin azumi, kula biyar, ya lalace. Ba wanda ya san dalili. Aka ɗora wa zafi, aka ɗora wa wutar lantarki, aka ce za a sake ɗiba in sababbin kwalabe sun iso. Kwalaben nan suka maƙale a wani wuri da ban sani ba. Damina ta faɗi, masara ta yi bunƙasa, ba su zo ba.

A watan Agusta Priscilla ta fara cewa zaninta ya yi mata kaɗan. Muka yi ta tsokanarta. A Satumba idonta ya yi rawaya. Da aka kai ta Kano aka yi hoto, abin ya cinye rabin hanta, likita ya ce a koma gida a yi ta addu'a. Na riƙe Dakta Jennifer a bakin ƙofa na tambaye ta, da jinin nan na watan Maris ya isa lafiya, da an gani? Ta ce, "Sa'a, ba zan iya ce miki e ba, ba zan iya ce miki a'a ba. Mai yiwuwa ne." Wannan mai yiwuwa ya zauna mini a ƙirji, na kwana da shi na tashi da shi. Priscilla ta rasu ranar sha ɗaya ga Nuwamba, da hantsi, kanta a cinyata, ta rame har ina iya ɗaga ta da hannu ɗaya.

A zaman makoki mutanen tasha suka zo yi wa Julius ta'aziyya, don shi ke gyara musu mota. Cikinsu akwai Malam Daudu, tsohon da ke kiran salla a ɗan masallacin tashar. Ina raba wa baƙi ruwan leda mai sanyi, ya karɓa, ya ɗora a wuya, ya yi ajiyar zuciya.

"Kai, wannan ya tuna mini azumin bana," in ji shi ga na kusa da shi. "Allah dai ya yi wa Sama'ilu albarka. Ranar duk da zai tafi Kano, sai ya tsaya ya sauke mana ruwan leda daskararre, goma, sha biyu, mu sa a kunu mu sha ruwa da shi. Ko sisi bai taɓa karɓa ba. Yaron nan ya kwashi lada."

Tiren da ke hannuna bai faɗi ba. Na gama rabon ruwan, na shiga ɗakin Priscilla, na zauna a gaban kekenta na ɗinki.

Ban yarda da kunnena kaɗai ba. Mako guda bayan haka muna hanyar Gwiwa ni da Sama'ilu, na ce cikin dariya, "Malam Sama'ilu, ashe kai ne mai ƙanƙarar masallacin tasha."

Ya washe baki. "Wallahi Anti, tausayi suka ba ni. Tsofaffi, leɓe duk ya tsage, ga ƙanƙara a mota tana zaune a banza. Amma ban bar kayanku haka ba. Buhu nake jiƙawa in naɗe kular da shi, in sa ta wajen taga iska na bugu, kamar yadda ake yi wa tulu. Sanyi ƙarara. In na isa Kano an tashi, sai in bar wa maigadi zuwa safe."

Buhu. Jiƙaƙƙen buhu, kamar yadda ake yi wa tulu. Na dubi ƙeyarsa, na dubi yadda yake kaɗa kai yana bin waƙar rediyo, na ji da ina da wuƙa a lokacin da ban san abin da zan yi ba. Na ce masa, "Allah ya ba da lada." Ya ce amin.

Zan iya kai ƙararsa a ranar. Na yi tunanin haka. Amma me za a yi masa? A sallame shi, ya koma jigilar Babura, ya ci gaba da ɗaukar tsofaffi kyauta ana sa masa albarka. Kuma in an bi diddigi za a tambayi wanda ya sa ruwan sha a kular jini, wannan kuwa ni ce. Ban ɓoye wa kaina wannan ba, amma ban tsaya a kansa ba. Abin da nake so shi ne ya ji irin abin da na ji, kuma a wurin da ya kwashi ladan nan, a gaban mutanen da suka sa masa albarka.

A Disamba kwalabe suka iso, da sabuwar ƙanƙarar roba wadda ba ta shayuwa. Na bi rajista na kira duk wanda jininsa ya lalace. Lamba ɗari da sha tara na ja mata layi da jan biro. Khairiyya ta sake shigowa ta ƙofar baya, ta yi mini ta'aziyyar maƙwabciyata, ta miƙo hannu. Na ɗiba sau ɗaya kamar kullum. Wannan karon da kaina na raka kular har Kano, tana kan cinyata.

Ranar sha bakwai ga Janairu sakamako ya fito. Cikin mutum sittin da ɗaya, huɗu ne zaren ya yi yawa a jininsu. Aka aiko takarda huɗu, kowace da lamba da kwanan wata da hatimi, ana cewa a zo Kano hoton ciki ba tare da ɓata lokaci ba. Na buɗe rajista ina dubawa. Wani manomi a Gwiwa, wani malamin makaranta a Babura, wata tsohuwa a Kazaure. Ta huɗu, ɗari da sha biyu.

Zan faɗi gaskiya, don ba amfanin in rubuta wannan in yi ƙarya. Abin da na fara ji ba tausayi ba ne. Daɗi na ji, irin wanda ke tasowa daga ciki ya cika baki. Na ce Allah ya kawo mini shi har gida.

Uku na kai su cikin kwana biyu, na hau acaɓa har gonar mutumin Gwiwa. Ta huɗu na ninke na sa a aljihun ciki na jakata, inda nake ajiye katin shaida. Na duba kalanda, azumi saura mako shida. Na ce wa kaina mako shida ba wani abu ba ne, ciwon da ya yi shekaru yana zaune ba zai tashi a guje don mako shida ba. Ni da na ga abin da wata biyar ya yi wa Priscilla, ni ce na faɗi haka, kuma na yarda da kaina.

Dakta Jennifer ta kira a ƙarshen wata ta ce uku sun zo, ina ta huɗu? Na ce ta yi tafiya Nijar wajen dangi, da ta dawo zan kai mata. Ta ce in yi ƙoƙari. Na ce in sha Allahu.

A tsakiyar Fabrairu na haɗu da Khairiyya a kasuwar Roni, gaban mai kayan miya. Ta ja ni gefe, ta rage murya.

"Anti, har yanzu shiru? Kwana biyun nan abinci ba ya mini daɗi, in na ci kaɗan sai in ji na cika."

Jakar tana rataye a kafaɗata, hannuna a kanta. Na dubi idonta, fari ne tas, ba rawaya. Na riƙe wannan.

"Da saura," na ce. "Kin san mutanen Kano da jan aiki."

"To Anti. Allah ya sa mu ji alheri." Ta ƙara mini tumatir biyu cikin nata ta tafi.

Ranar na kasa cin abinci. Amma ban fito da takardar ba. Duk lokacin da zuciyata ta yi laushi, sai in leƙa ta katanga in ga Julius zaune shi kaɗai a tsakar gida yana wanke kwanon da ya ci abinci, sai ta koma ta taurare.

Aka ga wata, azumi ya kama ranar Asabar, ɗaya ga Maris. Da la'asar na sayi ruwan leda goma sha biyu, daskararru, na zuba a bokiti na ɗauka a ka kamar mai talla. Na isa masallacin tasha saura minti ashirin a sha ruwa. An shimfiɗa tabarmi, an jera kofunan kunu da dabino, tsofaffi wajen goma sha biyar, direbobi da 'yan kamasho a bayansu. Sama'ilu na tsakiya yana zuba wa Malam Daudu kunu. Mace ba ta zuwa nan a irin wannan lokaci, don haka duk suka juyo.

Na sauke bokitin a bakin tabarma na gaishe su har ƙasa, yadda ya kamata.

"Baba, na kawo muku ƙanƙara, don bana Sama'ilu ba shi da ita."

Suka fara sa albarka. Na ɗaga hannu.

"Ku dakata, Baba, ku ji inda ta bara ta fito. Ƙanƙarar da kuka sha bara, daga kular asibiti aka ciro ta, daga kan kwalaben jinin marasa lafiya. Ita ke tsare jinin har ya isa Kano a duba ko akwai ciwon daji. Da aka cire ta, jinin mutum sittin da biyu ya lalace. Cikinsu akwai na matar Julius, wadda kuka je wa ta'aziyya kuka sha ruwa a gidanta. Ba a gano ciwonta ba sai da ya gama da ita."

Malam Daudu ya ajiye kofinsa a hankali, ya ce innalillahi. Wani tsoho ya tofar da yawu gefe. Sama'ilu ya miƙe, ludayin kunu a hannunsa.

"Anti Sa'a, wallahi... na naɗe da buhu. Ba ki gaya mini ba. Wallahi ban sani ba."

"Na ce kada ka buɗe. Ka buɗe ko ba ka buɗe ba?"

"Na buɗe."

"To. Kai ka kwashi lada, ni na wanke gawa."

Ya fara kuka, babban mutum, a gaban 'yan kamasho. Da a nan na tsaya, da wataƙila ina iya kallon kaina a madubi. Amma ba don wannan na jira mako shida ba. Na zuge jaka na ciro takardar.

"Saura ɗaya. Kwalbar da ke jingine da ta matar Julius a kular nan, ka san ta wace ce? Ta Khairiyya ce. Matarka. Ta zo a ɓoye don ka hana ta. Jininta ka bar wa maigadi ya kwana a zafi. An sake ɗiba, ga sakamako. An ga alama. Ana neman ta a Kano. Da ka bar ƙanƙarar nan a inda take, da tun bara aka kira ta."

Na sa masa takardar a hannu. Ya zauna daɓas a kan tabarma, kunu ya zube a rigarsa. Ba wanda ya taɓa shi. Lokacin kiran salla ya yi, Malam Daudu ya tashi ya kira, kuma ba wanda ya kai hannu bokitina. Na juya na tafi gida. A hanya na ji jikina sakayau, na sha ruwa da dabino uku a tsaye a ƙofar gida, na ci tuwo malmala biyu, abin da rabona da yi tun Nuwamba. Na ji daɗi, ba zan ce ban ji ba. Na tona asirin matar da ta ba ni amana a gaban maza talatin, kuma a ranar ko a jikina.

Ranar Litinin muka tafi Kano, don ƙa'ida ce in raka duk wanda aka kira. Sama'ilu ne ya tuƙa. Idonsa ya kumbura. Khairiyya na baya kusa da ni. Na zaci za ta zage ni, na ma shirya amsa. Sai ta ce, "Anti, da farko na ji haushi da kika faɗa a tasha. Amma Baban Walid bai yi mini faɗa ba, kuka ya yi ta yi yana neman gafarata. Wataƙila haka ya fi."

Aka shiga da ita ɗakin hoto, na shiga tare da ita. Likitan wani dattijo ne mai tabarau, ya shafa mata man nan mai sanyi a ciki, ya yi ta zagaya na'urar a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Na san fuskar likita in ya ga abu. Ya tsaya wuri ɗaya, ya auna, ya sake aunawa. Ya ce ta rufe jikinta ta jira a waje, ya kira mijin.

Likitan ya ce akwai ƙari a hanta, girman ƙwan kaza. Ya ce ba girman ne ya dame shi ba, inda ya kai ne: ya fara taɓa babbar jijiyar da ke shiga hanta, kuma da alama bai daɗe da kai wa nan ba. Da bai taɓa ta ba, da yanka ne kai tsaye a cire. Yanzu sai an yi wani hoton, likitocin tiyata su zauna su gani ko zai yiwu. Sama'ilu ya tambaya, cikin 'yar murya, irin wannan abu yana saurin girma ne? Likita ya ce wani yakan yi shekara bai motsa ba, wani kuwa cikin wata ɗaya ko biyu sai ya canza magana. Ya ce ba wanda zai iya rantsewa.

Muka fito. Khairiyya na zaune a benci tana gyara ɗankwali. Ta kamo hannuna ta riƙe da hannu biyu.

"Anti Sa'a, ko me aka gani, Allah ya saka miki. Da ba ki matsa kin sake ɗiba ba, kin kawo takardar nan da zarar ta fito, da ina can zaune ban san komai ba."

Na ce amin, ban san da wane baki ba.

Sama'ilu ya ce mata ta jira, zai juyo da mota. Ya dube ni ya ce in zo in taya shi da katin asibiti. Na bi shi har gindin wata bishiyar darbejiya inda ya ajiye motar. Bai buɗe ƙofa ba. Ya ciro takardar daga aljihun gaba, ta yi laushi don ninkewa da buɗewa. Sama'ilu ba ya jin turanci, amma shekara ashirin yana karɓar takardun kaya yana sa hannu, ya san inda ake rubuta kwanan wata. Ya ɗora babban yatsa a wurin ya juyo mini da ita.

"Sha bakwai ga watan ɗaya," ya ce. "Na ƙirga jiya, na sake ƙirgawa. Kwana arba'in da uku. Mutumin Gwiwa ni na kai shi Kano, tun watan ɗaya."

Na buɗe baki. Duk maganar da na tanada ta wata huɗu, ta Priscilla, ta buhu, ta lada, ba wadda ta fito.

"Ba zan gaya mata ba," in ji shi. "Tana ganin girmanki, kuma yanzu ba ta da ƙarfin wannan. Abin da na yi na yi, zan je da shi gaban Allah." Ya ninke takardar ya mayar aljihu. "Amma ni, Anti, lokacin da na yi nawa ban sani ba. Ke kin sani."

Ya shiga ya tayar da mota, muka ɗauko Khairiyya a bakin ƙofa. Kafin mu fita daga Kano barci ya kwashe ta, ta ɗora kanta a kafaɗata, kuma ban motsa ba har muka isa Roni.